Hoton laka idan ana zargin sarkoidosis: MRI, CT ko PET, wanne za ka fara biya?

Toh, wannan na wanda likita ya miƙa masa takarda ne ya ce je ka yo hoto muna zargin sarkoidosis ya taɓa laka, ka fito kana lissafi a tsaye. Mu mun bi ta nan da yayata, ƙafafunta ne suka fara nauyi da dindiris, daga baya riƙe fitsari ya fara gagara, kuma wallahi kuɗin farko da muka kashe asara ce kawai.

Shi wannan ciwon ƙananan ƙulli-ƙulli na kumburi yake tarawa a jiki, kusan mutum 9 cikin 10 a huhu da kaluluwar ƙirji yake zama, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai yake kai wa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, lakar ma ta fi haka ƙaranci. Shi ya sa ake yawan ɗaukarsa wani ciwon daban.

Eksire na baya, ka ajiye kuɗinka. Ƙashi yake nunawa, lakar tana ciki ba ya ganinta. CT na baya ma kusan haka ne.

MRI shi ne maganar, amma fa MRI kala-kala ne, a nan muka sha wuya. Mun je wani wuri mai arha, irin buɗaɗɗen injin nan mara ƙarfi, kuma ba a yi mata allura ba, aka ba mu rahoto wai akwai kumburi a laka, shi kenan, likitan jijiya ya duba ya ce a sake. Ka tambaya tun a waya kafin ka hau mota: injinku Tesla nawa ne? Tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisun injin. 1.5 ya wadatar, 3 ya fi fitar da hoto in aljihu zai ɗauka. Sannan za a yi da allurar gadoliniyam ko kuwa? Ita ce take haska inda ciwon yake. A sarkoidosis hasken yakan kwanta ne a gefen laka ta baya, ya miƙe tsawon gaɓar ƙashin baya 2 ko fiye, wani lokaci in an kalle shi a yanke sai ya fito kamar cokali mai yatsa uku, masu karanta hoto sun san wannan alamar. Babu allura babu wannan, sai a yi ta canki-canka tsakaninsa da NMO ko MS (cututtukan da garkuwar jiki take afka wa laka da jijiyoyi) ko ma ciwon ƙari. Gara ka biya na laka gaba ɗaya, wuya da tsakiyar baya, a haɗa da kai in likita ya rubuta, da ka yi guntu ka dawo. Za su nemi gwajin ƙoda kafin allurar, in akwai ƙarfe a jiki ko batirin zuciya ka faɗa musu. Injin akwai ƙara kamar ana sara a maƙera, kuma kwanciyar takan kai kusan awa ba motsi, Yaya dai salati ta yi ta yi a zuci har aka gama.

Na biyu CT na ƙirji, ya fi MRI sauƙin kuɗi, minti kaɗan an gama. Mutane na mamaki ciwo a ƙafa hoto a ƙirji, ai kaluluwar da ta kumbura ake nema tsakanin huhu biyu, don a tsakuro nama daga can a duba a lab, ya fi a taɓa laka aminci nesa ba kusa ba.

PET-CT, wato hoton da ake yi bayan allurar wani irin suga da ke haska inda ciwo yake a jiki, ni a ganina kar ka fara da shi. Tsada, ba ko'ina ake samu ba, ga azumin wajen awa 6 da daidaita suga. Amfaninsa in CT bai nuna komai ba, yakan tono inda ciwon ya ɓuya a san wajen ɗaukar nama.

Abin da ba a cika faɗa ba, a wajenmu tibi yana iya yin kama da shi a hoto har a naman da aka ɗauka, tsargiya ma tana taɓa laka, kuma maganin sarkoidosis irin su firednisolon rage garkuwar jiki yake, in tibi ne ka ƙara masa wuta. Don haka sai an tabbatar ba su ba ne tukuna. Kuma in an riga an fara shan maganin kafin hoto ka sanar, yana iya dusar da abin da ake nema.

Ka karɓi faifan hoton ko a tura maka a filash, ba takardar rahoto kaɗai ba, hasken nan yakan jima watanni ko ana magani, in aka sake hoto da na farkon za a gwada.