Amurka, Ingila, Kanada ko Jamus: ina ɗalibin kimiyya da injiniya zai nufa idan yana son aiki bayan digiri?

Duk wanda zai zuba kuɗi ya yi digiri a fannin injiniya, kwamfuta ko kimiyya a ƙasar waje, abu biyu yake saye: karatun kansa, da izinin tsayawa ya yi aiki bayan ya gama. Na farkon kowa na bincikarsa, a duba martabar jami'a, a duba hotunan ɗakin gwaje-gwaje. Na biyun sai a bar wa dillali, shi kuma ya dunƙule shi cikin magana ɗaya: "Ai za ka samu shekara uku." To, shekara ukun a hannun wa take? Takardar taka ce, ko tana rataye a wuyan kamfanin da ya ɗauke ka? In aka sallame ka yau, kwana nawa ya rage maka a ƙasar? In wa'adin ya cika, ina za ka dosa? Da waɗannan tambayoyin nake auna kowace ƙasa, yawan shekarun ya biyo baya.

A fara da Amurka, tunda ita ce a bakin kowa. Ɗalibi mai bizar karatu ta F-1 yana samun wata 12 na aiki bayan kammalawa, abin da ake kira OPT. In digirinsa yana cikin jerin fannonin STEM (kimiyya, fasaha, injiniya da lissafi) da ma'aikatar tsaron cikin gida ta amince da su, yana iya neman ƙarin wata 24, jimilla wata 36. Tun watan Mayun 2016 ake kan wannan tsari, kafin nan ƙarin wata 17 ne. Albashi kuwa ba a magana, babu ƙasar da ke biyan sabon injiniyan kwamfuta abin da manyan kamfanonin Amurka ke biya.

Sai dai sharuɗɗan sun yi yawa. Dole aikin ya dace da abin da ka karanta. Ƙarin wata 24 ba ya samuwa sai kamfanin yana cikin E-Verify, tsarin gwamnati na tantance izinin aikin ma'aikata, kuma sai ya yarda ya cike fom I-983, ya sa hannu a kan shirin horar da kai. Ƙananan kamfanoni da dama da sun ji wannan sai su ja da baya. Sannan ga agogo: a shekarar farko kwana 90 kacal aka yarda ka zauna babu aiki, in ka samu ƙarin sai jimillar ta koma kwana 150. Na taɓa zama ƙarƙashin wannan agogon lokacin da kamfanin da nake yi wa aiki ya rage ma'aikata, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ƙirgen kwanaki ke sa mutum ya karɓi aikin da bai kamace shi ba, a kan albashin da bai kai ba, don kawai a rubuta a kwamfutar makaranta cewa yana da wurin aiki. Tun daga nan, duk izinin da ke ƙirga mini kwanakin zaman banza na rage masa maki.

Bayan wata 36 kuma sai bizar aiki ta H-1B, wadda ake rabawa ta hanyar ƙuri'a: guraben 65,000 a shekara, da ƙarin 20,000 ga masu digiri na biyu ko sama daga jami'o'in Amurka. Amfanin ƙarin STEM na gaskiya shi ne yana ba ka damar shiga ƙuri'ar fiye da sau ɗaya. Jami'o'i da cibiyoyin bincike marasa neman riba ba su cikin wannan ƙayyadewar, don haka mai digirin digirgir da ke son bincike lamarinsa ya fi sauƙi. Saura kuwa sai addu'a.

Ingila ta buɗe bizar Graduate a ranar 1 ga Yuli, 2021: shekara 2, masu digirin digirgir shekara 3. Kyanta ɗaya, ba ta buƙatar kamfani ya tsaya maka, kowane aiki ka samu kana iya yi, babu mai ƙirga maka kwanaki. Amma ba a sabunta ta, shekarunta ba sa shiga lissafin shekara biyar na neman zama na dindindin, kuma kuɗin lafiya kaɗai fam 1,035 ne a kowace shekara, a biya gaba ɗaya tun farko. Gwamnati ta riga ta sanar cewa masu nema daga Janairun 2027 wata 18 za su samu. Don ka wuce zuwa bizar ƙwararru sai ka samu kamfani mai lasisin ɗaukar baƙi, kuma mafi ƙarancin albashi na gama-gari ya koma fam 41,700 tun Yulin 2025, kodayake ana sassauta wa sababbin kammalawa. Digiri na biyu na shekara ɗaya mai ɗan karen tsada, izini mai raguwa kullum. Ban ga riba ba.

Kanada ta fi ta tsari. Izinin aiki bayan kammala karatu, wato PGWP, yana kai shekara 3, a buɗe yake, ba ya ɗaure ka da kamfani, kuma tun Fabrairun 2024 mai digiri na biyu yana samun cikakkun shekaru ukun ko da karatun bai kai shekara biyu ba, muddin ya kai wata 8. Shekara ɗaya ta aikin ƙwararru tana buɗe maka neman zama na dindindin ta Express Entry, tsarin da gwamnati ke zaɓar ƙwararru da shi. Matsalar ita ce dokokin sun yi ta sauyawa tun 2024: an ƙayyade yawan ɗalibai, an ƙara sharaɗin jarabawar harshe a Nuwamba, an ce ɗaliban kwaleji marasa digiri sai fanninsu yana cikin jerin da gwamnati ke buƙata. Sau ɗaya tak ake ba da PGWP a rayuwa. Ga mai digirin jami'a, ita ce ta biyu a wurina.

Ostareliya ta yi nisa, ta yi tsada, kuma tun Yulin 2024 yawancin waɗanda suka haura shekara 35 ba sa samun bizar 485 ta aiki bayan karatu. Holan shekara ɗaya take bayarwa, Faransa ma haka; kafin ka gama gane hanyar ofis wa'adi ya ƙare.

Sai Jamus, wadda ba na ɓoye cewa ita nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni. Wanda ya kammala a jami'ar Jamus yana samun izinin zama har wata 18 don neman aiki. A takarda wannan ya gaza na Amurka da na Kanada, kuma a nan mutane ke kuskuren lissafi. Wata 18 ɗin na neman aiki ne kawai, kuma a cikinsu kana iya yin kowane irin aiki don ka riƙe kanka. Ranar da ka samu aikin da ya dace da digirinka, sai ka je ofishin baƙi a sauya maka zuwa izinin ƙwararru ko Blue Card, takardar zama da aiki ta Tarayyar Turai ga ƙwararru. Babu ƙuri'a, babu adadin da in ya cika a rufe ƙofa. A 2025 albashin da ake buƙata don Blue Card yuro 48,300 ne a shekara, amma ga injiniyoyi, masana kwamfuta, masana kimiyya da duk wanda bai wuce shekara uku da kammalawa ba, ƙasa da yuro 44,000 ne. Injiniya mai cikakken aiki ba ya cika shan wahalar kai wannan.

Abin da ke gaba shi ya fi jan hankalina. Wanda ya yi digirinsa a Jamus yana iya neman zama na dindindin bayan shekara 2 yana aikin ƙwararru yana biyan kuɗin fansho, in Jamusancinsa ya kai matsakaicin mataki na B1. Tun Yunin 2024 kuma ana iya neman zama ɗan ƙasa bayan shekara 5, ba tare da an tilasta maka ajiye fasfonka na asali ba.

Ga kuɗin karatu. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, sai 'yan ɗaruruwan yuro na hidima a kowane zango. Akwai togaciya: jihar Baden-Württemberg tana karɓar yuro 1,500 a zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba, jami'ar fasaha ta Munich ma ta fara caji tun ƙarshen 2024. Kafin biza za ka nuna kuɗin ciyar da kai na shekara a rufaffen asusu, yuro 11,904 tun Satumban 2024, amma kuɗinka ne, wata-wata ake sakar maka. Mutumin da ya fito babu bashi a kansa yana iya cewa a'a ga aikin banza. Ɗalibi kuma yana iya aiki a kamfani har awa 20 a mako yana karatu, da yawa ma a cikin kamfanin suke rubuta kundin kammalawarsu, daga nan a riƙe su.

Ba aljanna ba ce. Kwasa-kwasan da ake koyarwa da Turanci suna da yawa, amma matsakaitan kamfanonin da ke ɗaukar yawancin injiniyoyi da Jamusanci suke taro. Wanda ya ce zai koya "in an gama" ya yaudari kansa. Ofisoshin baƙi na manyan birane suna jan ƙafa, gida yana wuya a Munich da Berlin, masana'antar mota kuma tana cikin matsi, Volkswagen kaɗai ta amince a ƙarshen 2024 za ta rage guraben aiki 35,000 kafin 2030. Duk da haka, wahalar harshe a hannunka take, ƙuri'a kuwa ba a hannun kowa take ba.

Yanzu ga abin da ya fi duk wannan kwatancen muhimmanci, domin zaɓin ƙasa mai kyau ba ya ceton wanda ya faɗa hannun macuta. Wancan agogon na kwana 90 ya haifar da kasuwa guda a Amurka: kamfanonin bogi da ke sayar da takardar ɗaukar aiki. Ka biya, su rubuta cewa kai ma'aikacinsu ne, alhali ko ofis babu. Findream na ɗaya daga cikin irinsu, mai shi ta amsa laifi a kotu aka ɗaure ta, kuma sunayen duk waɗanda suka saya suna nan a kundin gwamnati. Wasu sai bayan shekaru, suna neman wata biza ko suna dawowa daga tafiya, maganar ta taso musu. Kamfanin da ya nemi ka biya shi "kuɗin horo" kafin ya ba ka takarda, ko ya ce zai ƙara maka shekarun ƙwarewa a takardar neman aiki, ka gudu.

Makarantu ma akwai na bogi. Jami'ar Farmington da ke Michigan hukumar shige da fice ce da kanta ta kafa ta a matsayin tarko, babu malami, babu aji, aka bankaɗo ta a 2019 aka kama ɗalibai da yawa. Duk makarantar da ke tallar izinin aiki tun ranar farko fiye da yadda take tallar karatu, a yi hattara da ita. Kuma wanda ya yi wata 12 na cikakken aikin CPT, wato izinin aiki a lokacin karatu, ya rasa OPT na wannan matakin gaba ɗaya.

A Kanada, a 2023 an gano ɗalibai da dama, yawancinsu daga Indiya, da dillali ya shigar da takardun gurbin karatu na jabu, wasu ba su sani ba sai da suka nemi zama na dindindin. Shi ya sa tun Disamban 2023 makarantu ke tabbatar wa hukuma kowace takarda kai tsaye. Tarkon da ya rage ya fi wannan laushi: makaranta ta gaske, mai izinin karɓar baƙi, amma kwas ɗin ba ya bayar da PGWP. Dillali ba zai faɗa maka ba, kamashonsa daga makarantar yake fitowa. A Ingila kuma takardar ɗaukar nauyin da kamfani ke bayarwa don biza ake sayarwa, mutum ya biya dubban fam ya tarar babu aikin, in aka ƙwace lasisin kamfanin bizarsa ta bi ruwa. Jamus ɗin ma ba ta tsira ba: akwai makarantu masu zaman kansu masu tsada da yawancin karatunsu ta intanet ne, kuma karatun nesa ba ya ba da izinin zama na ɗalibi.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Kafin ka biya ko sisi, nemi lambar CIP, wato lambar da ke nuna fannin kwas ɗin, daga jami'ar Amurka ka duba ta da kanka a jerin STEM, domin sunan kwas ba hujja ba ne, lambar da ke kan I-20, takardar da makaranta ke ba ka don biza, ita ake bi. Na Kanada ka duba jerin makarantu a shafin gwamnati, inda aka nuna ko suna da kwas mai PGWP. Na Jamus ka nemi jami'ar a Hochschulkompass, jerin jami'o'in da hukuma ta amince da su, kwas ɗin kuma a rumbun DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus. Ka rubuta wa ofishin ɗaliban waje na jami'ar da adireshinka, ba ta hannun dillali ba. Sannan ka duba ranar ƙarewar fasfonka kafin ka nemi izinin Kanada, domin ba sa bayar da shi ya wuce ranar da fasfon zai mutu.