Remote Desktop, TeamViewer, AnyDesk ko Chrome: wanne zai fitar da takarda a gida?

Malam, ka ce kwamfutar ofis Windows ce, manhajar lissafi a kanta take, a gida kuma MacBook gare ka da firinta, kana son ka shiga daga nesa ka buga rasit ya fito a gabanka. Duk manhajojin da ka lissafa za su nuna maka allon ofis lafiya lau, domin hoto ne ake turowa, kai kuma kana mayar da motsin linzami da abin da ka danna. Wajen bugawa ne suke rabuwa. Kwamfutar ofis ce ke shirya takardar, ita kuwa ba ta san firintarka ba, ba ta da direbanta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da firintar.

Remote Desktop na Microsoft ne ya fi sanin wannan aiki. Da ka shiga, firintar gida za ta bayyana a jerin firintocin ofis, da kalmar redirected da wata lamba manne a sunanta. Tun Windows Server 2008 suka kawo Easy Print, wanda ke naɗe takardar a tsarin fayil na Microsoft mai suna XPS ya turo wa kwamfutar gida, direban gida ya ƙarasa aikin. Amma wannan gata na Windows da Windows ne. Daga Mac, ta manhajar da aka sauya wa suna zuwa Windows App a 2024, firintar za ta bayyana, sai dai da direba na gama-gari. Takarda za ta fito, amma zaɓuɓɓuka irin su buga gaba da baya ko zaɓen tiren takarda kan iya ɓacewa. Kafin komai ma, duba wace Windows ce a ofis. In Home ce, magana ta ƙare, ba ta karɓar baƙo ta Remote Desktop, sai Pro ko Enterprise ko Education. Sannan daga wajen ofis kana bukatar VPN, wato kariyayyar hanya ta intanet da ke haɗa ka da netwok ɗin ofis. Don Allah kada wani ya ruɗe ka ka buɗe ƙofar 3389, wadda Remote Desktop ke bi, ga intanet kai tsaye, masu kutse ita suke laluba dare da rana.

TeamViewer da AnyDesk ba sa wahalar da kai da VPN, lamba da kalmar sirri sun wadatar. Dabararsu kusan ɗaya ce: su dasa firintar bogi a kwamfutar ofis, ka aika mata aiki, ita ta miƙo shi gida. TeamViewer na yin hakan a Windows da Mac, ban da Linux. AnyDesk kuwa a kan Windows ya gina tasa, sunanta AnyDesk Printer, kuma XPS take aikowa, tsarin da Mac ba ya buɗewa da kansa. Ga mai MacBook, TeamViewer ya fi kusa da biyan bukata. Ka dai tuna kyautar da suke bayarwa ta amfanin kai ce, aikin ofis sai da lasisi.

Wata rana na danna bugawa sau uku ina jiran firintata ta motsa, shiru. Ashe firintar ofis ce a zaɓe. Washegari na tarar da kwafi uku na takardar albashi a tire, inda kowa ke wucewa. Tun daga nan sai na karanta sunan firinta kafin in danna.

Chrome Remote Desktop ya fi su sauƙin kafawa, kuma bai damu da jinsin na'ura ba, Windows, Mac, Linux duk nasa ne. Amma ba ya bugawa daga nesa. A da mutane na haɗa shi da Google Cloud Print, amma an rufe Cloud Print a ƙarshen 2020. VNC, wata hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ma haka, ainihinsa hoton allo kawai yake ɗauka, sai wasu kamfanoni irin RealVNC da suka ƙara bugawa a nasu.

In da a juye ne, Mac a ofis, da Remote Desktop ya fita daga lissafi, don Mac na iya shiga da shi amma ba a shigarsa da shi. Sauran ma sai ka ba su izinin ɗaukar allo da na sarrafa na'ura a saitin Mac, in ba haka ba ka ga baƙin allo ko linzami ya ƙi motsi. iPad da iPhone kuwa, TeamViewer da AnyDesk kallon allonsu kawai suke iya yi.

A naka yanayin, in Windows ɗin Pro ce kuma ofis na da VPN, ɗauki Remote Desktop. In babu, TeamViewer. In kuma rasit biyu ko uku ne a mako, ni da Chrome zan zauna: ka zaɓi Microsoft Print to PDF, wanda ke cikin Windows tun Windows 10, ka sauko da fayil ɗin, ka buga daga Mac da cikakken direbanka. Sai dai in ƙaramar firintar rasit ce mai takarda siririya, ka gyara girman takarda tun a ofis, in ba haka ba PDF ɗin zai fito a A4, firintar ta matse rubutun har ya gagari karantawa.