Fomaikar Teburin Gyaran Waya: Abin da Na Gani Cikin Shekara Biyu

Tebur biyu na yi amfani da su a shagona na gyaran waya a Farm Centre, Kano, duka an shimfiɗa musu fomaika. Mu dai haka muke kiran kowace irin wannan shimfiɗa, ko wane kamfani ya yi ta, duk da cewa asalin sunan na kamfanin Formica ne da aka kafa a Amurka a 1913.

Ranar da muka je 'yan katako a Na'ibawa da kafintana, wani dattijo da nake kira Baba, wata baƙar fomaika mai sheƙi ce ta ɗauke min hankali. Dattijon ya shafa ta da tafin hannu ya ce, "Ɗana, wannan ta falo ce." Na ce a kawo ta haka, kwastoma ya shigo ya ga shago ya haɗu.

Ba a yi sati ba na gane abin da Baba yake nufi. Sukurun waya bai kai ƙwayar gero ba, yawanci kuma baƙi ne. Ya faɗi a kan baƙin tebur, sai ka yi ta laluba da yatsa, mai waya na tsaye a kanka. Fitilar aiki kuma tana dawo maka da haske cikin ido, kafin la'asar kai ya ɗau ciwo. Da hunturu ya shigo, ko minti goma ba a yi ƙura ta sake rufe ta, kuma duk inda bakin sukudireba ya goga sai ya bar farin layi.

Abin da ya ƙarasa teburin ruwa ne. MDF ne a ƙarƙashi, gefen baya kuma ba a rufe shi ba. Ledar fiyawata ta tsiyaye a wurin cikin dare, da safe na tarar katakon ya kumbura kamar burodi, fomaikar ta ɗaga baki. MDF garin katako ne da aka matse da gam, in ya sha ruwa ba ya komawa.

Na biyun na bar wa Baba zaɓi. Ruwan toka mai haske, marar sheƙi, kauri milimita 1, a kan filawud, an rufe gefe huɗu. Falle ɗaya mai ƙafa 4 da 8 ya isa har da rara. Ya shafa gam a fuska biyu, ya jira ya sha iska, ya jera siraran sanduna a tsakani yana zare su ɗaya bayan ɗaya yana dannawa daga tsakiya, don kada iska ta maƙale. Yau sukuru na faɗuwa nake ganinsa. Dattin dalma kuwa, tsumma da ɗan sifirit ya wadatar.

Sai dai zafi ba ta da haƙuri da shi, kowace ce. Takardu ne aka jiƙa da gam aka matse, ƙarfen dalma kuwa yana wuce digiri 300. Sau ɗaya ya zame daga mazauninsa, ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya gogewa. Tun ranar na sa tabarmar roba mai jure zafi a inda nake hura iska mai zafi, tabon yana nan a ƙarƙashinta.