Garejin esi a Apo da ba ya ɗura gas sai ya auna

Daga ƙarshen Fabrairu har ruwan farko ya sauka, kasuwar masu ɗura gas ɗin esi a buɗe take a Abuja. Ko'ina ka tsaya za ka ga yaro da tukunyar gas da tiyo, kana cewa esi ba ta sanyi zai ce maka gas ne ya ƙare, tun kafin ya buɗe bonet. Garejin da nake magana a kai yana cikin unguwar makanikai ta Apo, rumfar kwano ce da allon da rana ta cinye rubutunsa, kuma maigidan ba ya taɓa tukunya sai ya gama awo.

Motata Corolla ce ta 2010, tokumbo. A Jos na saye ta, kuma duk zamana a can esi ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Da aiki ya dawo da ni Abuja, bazarar farko ta tona mata asiri. Da safe sanyi kamar firji. A titin filin jirgi, in ana gudu, lafiya lau. Amma in na shiga cunkoson Nyanya da la'asar, sai iska ta koma ɗumi, kana jin kwamfreso yana kamawa yana saki. An sha ɗura mata gas a bakin titi, kowane karo abin sai ya ƙara muni.

Maigidan ya saurare ni har na gama, ya tambayi ƙarfe nawa abin ke faruwa, a guje ko a tsaye. Sannan ya jona geji biyu na auna matsin gas, shuɗi da ja, ya sa zaren ma'aunin zafi a bakin iska, ya bar injin yana aiki a cikin rana. Allurar jan gejin ta dinga hawa har kwamfreso ya yanke da kansa. Ya ce, "Alhaji, gas ɗinka bai ragu ba. Yawa ma ya yi."

Bayanin da ya yi mini a tsaye shi ya sa na ga ya dace in rubuta wannan. Aikin esi kwasar zafi ne daga cikin mota ta kai waje. Gas ɗin yana ɗaukar zafin a ƙarƙashin dashbod, kwamfreso ya matse shi, ya tura shi kondensa, wato faifan nan mai siraran haƙora da ke gaban lagireto. A nan iskar waje za ta karɓi zafin, gas ɗin ya koma ruwa, ya sake zagayowa. To duk abin ya rataya ne a kan yadda iskar wajen take. Kofin shayi da ka ajiye da asuba a Jos nan da nan zai huce, amma ajiye shi da azahar a Abuja cikin Maris ka ga ikon Allah. Jos tana kan tudu sama da mita 1,200, ko a tsakiyar bazara zafinta digiri 30 ne da 'yan kai. Abuja kuwa ma'auni kan haura 37, wata rana ya doshi 40, ga kwalta tana turiri, ga hayaƙin motar gabanka yana shiga hancin taka. Idan kondensa ta kasa fitar da zafi, matsin gas yana hawa, akwai kuma wani maɓallin kariya da ke yanke kwamfreso kada ya lalace. Kamawa da sakin da nake ji ke nan. Ƙarin gas a irin wannan hali ƙara matsi ne kawai.

A guje iska na dukan kondensa da kanta. A cunkoso kuwa fanka ce kaɗai gatanta, kuma tawa ta gaji, tana juyi amma ba ƙarfi. Da suka cire bamba sai ga sauran laifin: ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta haɗu da ruwan damina ta zama laka tsakanin kondensa da lagireto, har da leda da fukafukan ƙwari. Yaron da ya wanke bai saki ruwa da ƙarfi ba, domin haƙoran alminiyam ne, suna lanƙwashewa su toshe hanyar iska. Masu wankin mota da injin feshi su ji wannan.

Sun canza injin fankar da na hannu, ɗan Beljiyam, bayan ya nuna mini sabo da tsoho ya faɗi kuɗin kowanne ya bar mini zaɓi. Sun zaro matatar iskar cikin mota da ke bayan akwatin dashbod, ta yi baƙi ƙirin, aka sa sabuwa. Sai aka bi mahaɗan tiyo da ruwan omo ana neman yoyo, sannan aka zuƙe gas ɗin duka, aka bar injin zuƙa ya yi wajen rabin awa don iska da danshi su fita. Da aka zo ɗurawa, a kan sikeli ya ɗora tukunyar. Akwai 'yar takarda manne a ƙarƙashin bonet da ke faɗin irin gas da nauyinsa. Tawa R134a ce, ba ta ma kai rabin kilo ba. Mai bakin titi da tafin hannu yake aunawa, ya taɓa tiyo ya ce ya isa.

Yanzu a cunkoson Kugbo zuwa Nyanya kwamfreso ba ya yankewa, sanyin kuma yana riƙewa. Da muka gwada a garejin da rana tsaka, iskar da ke fitowa ta sauka ƙasa da digiri 10. Bai yi mini alƙawarin abin da ba zai yiwu ba. Ya ce motar da ta wuni a filin Sakatariya ba inuwa, cikinta kan wuce 60, kujeru da dashbod sun sha zafi sun ƙoshi, dole esi ta ɗauki lokaci. Shawararsa ita ce a sauke gilasai a yi 'yar tafiya zafin ya fice, sannan a rufe a danna maɓallin da ke juya iskar ciki, don esi ta daina fama da sabuwar iskar waje. A sa abin tare rana a gilashin gaba in an yi fakin. Wannan ma ragin mai ne, kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san abin da lita ke nufi.

Wurin yana da nasa aibin. Babu wurin zaman kirki, benci ɗaya ne rabinsa a rana, kuma aikin yana cin wuni domin maigidan ba ya yarda yaransa su ɗura gas in ba ya tsaye a kai. Ya tafi sayen kaya, kowa ya jira. Waya kuwa sai ka yi sa'a zai ɗauka. Yaran sun bar mini shatin baƙin hannu a rufin mota da sitiyari, sai da na yi magana aka goge. Rasit ma sai da na nema. Kuɗin aikinsa ya fi na bakin titi sosai, wanda ya zo da kuɗin ɗura gas kawai zai koma da fushi.

Ka isa kafin tara na safe, ka kuma duba takardar ƙarƙashin bonet tun daga gida. Yawancin sababbin motocin da ke shigowa daga Amurka da Turai gas ɗin R1234yf suke amfani da shi, kuma maigidan ba shi da kayan aikin wannan. A gabana ya mayar da wata Hajiya da jif ɗinta, ya ce ba zai haɗa mata gas biyu ba ko nawa za ta biya.