Allurar Leukine da aikinta wajen zaburar da ƙwayoyin makrofaj a kan sankara

Allurar Leukine ba ta kashe ƙwayar sankara da kanta, kuma duk mai son yi mata adalci dole ne ya fara daga nan. Abin da ke cikinta furotin ne mai suna GM-CSF, irin wanda jiki ke aika wa ɓargo saƙo da shi, sai dai wannan da yisti ake sarrafa shi. A 1991 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita domin farfaɗo da fararen ƙwayoyin jini bayan dashen ɓargo.

Inda ta fi burge ni shi ne tasirinta a kan makrofaj, wato manyan ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye duk abin da ba su yarda da shi ba. Furotin ɗin yana ƙara yawansu, yana kuma ƙara musu kaifi wajen cafke ƙwayar da aka riga aka yi wa alama. A sankarar jijiyoyi ta yara da ake kira niyuroblastoma, maganin Unituxin ne ke manne wa alamar GD2 da ke jikin ƙwayar cutar, kamar mafarauci ya nuna wa karnukansa nama, sannan ƙwayoyin da Leukine ta zaburar su afka mata. Gwajin da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa bayan shekara 2, kashi 66 cikin ɗari na yaran da suka samu wannan haɗin cutar ba ta dawo musu ba, alhali rukunin yaran da ba su samu haɗin ba ya tsaya a kashi 46.

Sai dai haɗin ya ƙunshi wani furotin ɗin saƙo mai suna IL-2, saboda haka gwajin bai bambance rabon Leukine ita kaɗai ba, kuma ba na jin daɗin yadda wasu ke jingina mata nasarar gaba ɗaya. Tana kuma iya jawo zazzaɓi da ciwon ƙashi da kumburin jiki, wani lokaci har da sarƙewar numfashi a allurar farko.

A ganina, mataimakiya ce da ta cancanci gurbinta idan an haɗa ta da magani mai nuna mata abin hari, a hannun likitan sankara da ke bibiyar ƙididdigar jinin majinyaci a kai a kai, domin idan fararen ƙwayoyin suka yi yawa sai an rage allurar ko a dakatar da ita.