Tsohon keken tsere a kasuwar gwanjo: wanne za ka ɗauka, kuma ta ina za a cuce ka

A cikin kekunan gwanjo da ake saukewa a Kaduna, jefi-jefi akan samu wani siririn keke mai lanƙwasasshen kai, sandunan giyarsa a jikin bututun ƙasa, wayoyin burki sun yi baka a sama. Yawancin masu saye ba sa kallonsa, hankalinsu na kan masu ƙatuwar taya. To wannan siririn shi ne tsohon keken tsere na ƙarfe, na tsakanin shekarun 1960 zuwa ƙarshen 1980, kuma a cikinsu akwai na kirki, akwai tarkace. Iri huɗu ne za ka fi cin karo da su: na Ingila, na Faransa, na Italiya da na Japan.

Ni dai Raleigh nake nema, ba na ɓoyewa. Amma ba baƙin Raleigh na iyayenmu ba, mai burkin sanda da kariya, wanda aka riƙa harhaɗawa a Kano ana tallarsa da hoton mutumin da ya tsere wa zaki. Wancan keken aiki ne, darajarsa daban. Wanda nake nufi shi ne na masana'antar Carlton da ke garin Worksop a Ingila, wadda Raleigh ta saya a 1960, aka ci gaba da ƙera kekunan tsere a cikinta har aka rufe ta a 1981. Masu kyan cikinsu da bututun Reynolds 531 aka yi su, ƙarfen da aka fara fitarwa a Birmingham a 1935. Bututun ya yi kauri a bakinsa inda ake haɗi, ya yi siriri a tsakiya, shi ya sa keken gaba ɗaya yake tsayawa wajen kilo 10 ko 11, alhali na talakan ƙarfe yakan kai 13 ko fiye. A kan titin da ya sha faci sai ka ji firam ɗin yana shanye girgiza maimakon ya miƙa maka ita a baya. Ga kuma suna: ƙungiyar TI-Raleigh ce Joop Zoetemelk ya ci babbar gasar tseren keke ta Tour de France da ita a 1980.

Babban dalilina ma ba wannan ba ne. Zaren noti da sukurun kekunan Worksop yawanci irin na Ingila ne na gama-gari, zare 24 a kowane inci, gidan feda mai faɗin milimita 68. Ma'ana, idan abu ya lalace, mai gyaran keke na unguwarku zai iya ciro irinsa daga wani keken Japan ko Taiwan ya ɗaura ya zauna daram. Ka kula, masu arahar da aka yi a babbar masana'antar Raleigh da ke Nottingham suna da zaren Raleigh na kanta, 26 a inci, wanda ba ya shiga da na kowa. Tambarin tsuntsun da ke goshinsu ɗaya ne, cikinsu ne ya bambanta.

Gane shekararsa kuwa bai da wuya. Daga wajen 1974 lambar da aka buga a ƙarƙashin gidan feda ko a bututun sirdi tana farawa da harafin masana'anta, N na Nottingham, W na Worksop, sai harafi na biyu mai nuna lokaci a cikin shekara, sai lamba ɗaya ta shekarar. Matsalar ita ce 4 tana iya zama 1974 ko 1984, kuma an ci gaba da buga W bayan aikin ya koma Nottingham. Nan ne kayan jikin keken suke raba gardama. Shimano, mai ƙera giya da burki ta Japan, na buga haruffa biyu ƙanana a bayan kayanta: A ita ce 1976, B 1977, haka har Z, na biyun kuma wata ne, A Janairu zuwa L Disamba. Ka ga HC a bayan hannun feda, Maris na 1983 ke nan. Tsohuwar giyar baya ta Campagnolo Nuovo Record tana ɗauke da shekararta a sama, kamar 72 ko 78. Hob, wato cibiyar wili, na Sturmey-Archer ma shekara da wata ne a rubuce ɓaro-ɓaro. Kada ka tsaya a kan abu ɗaya, domin keken da ya haura shekara arba'in an sha canza masa kaya. Ka duba uku ko huɗu, waɗanda suka yi daidai da juna su ne na asali. Sannan ka auna tsakanin ƙafafun baya inda taya ke shiga: milimita 120 zamanin giya biyar ne, 126 shida ko bakwai, 130 kuwa an shigo shekarun 1990.

Peugeot fa? Mu mutanen Kaduna muna da rauni a kan zakin nan, tunda motocinsa a Kakuri aka riƙa haɗa su tun 1975, kuma dillalai sun san haka. PX-10 keke ne na gaske, shi ma 531 ne, sai dai a cikin tulin gwanjo ƙannensa masu nauyi irin UO-8 za ka fi gani, ga zaren Faransa da wuyan kai, wato sandar da ke riƙe kan keken, mai milimita 22.0 maimakon 22.2, ga giyar Simplex ta roba da ke tsagewa in ta tsufa. Ranar da abu ya karye, sai ka zaga Panteka kaf ka dawo hannu rabbana. Na Italiya, su Bianchi da Colnago, kyau kam ba a magana, amma na jabu sun fi na gaske yawa a gabanka. Na Japan irin Miyata da Panasonic ba su da abin zargi, in hawa kawai kake so ka ɗauka ka wuce.

Yanzu ga inda ake yanka mutane. Sitika ba shaida ba ce. Duk mai buga sitikar babur zai iya buga maka ta Reynolds ko ta bututun Columbus na Italiya mai kurciya, a manna a kan firam ɗin da bai fi bututun famfo daraja ba. Abin da ba a iya mannawa shi za ka duba. Ciro sandar sirdi ka karanta lambar da ke jikinta: firam ɗin 531 na Ingila mai siririn ciki yawanci milimita 27.2 yake ɗauka, in ka ga 25.4 an gama magana, ko me aka rubuta a jiki. Duba bakin da tayar baya ke shiga. Na keken kirki kakkaura ne, zubi ne, sau da yawa da sunan Campagnolo a jiki da ɗan sukurun saiti, kuma wurin rataya giya a jikinsa yake. Na mai araha falle ne da aka yanko daga farantin ƙarfe, giyar a rataye da ƙugiya. Hannun feda mai kota, wato mai ƙusar nan da ake bugawa da guduma, a keken da aka ce na 1980 ne kuma na manya, ƙarya ce. Colnago na gaske akan sassaƙa masa tambarin kulob irin na karta a cikin ƙarfen kansa, ba a fenti kaɗai ba.

Sabon fenti kuwa, ni yanzu da na gan shi farashi ke sauka a raina. An taɓa sayar mini da wani ja mai sheƙi, sai da fentin ya fara ɓarewa na tarar da tattara a ƙarƙashin bututun ƙasa, dab da wuya, alamar an yi karo da shi gaba da gaba an miƙar. Irin wannan keken ba ya tafiya sak, kuma wata rana a wurin zai rabu. Don haka ka shafa yatsa a ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa kusa da wuya, duk wani ƙulli ko tudu da ka ji, ajiye. Ka tsaya a gefe ka kalli fok, wato mariƙin tayar gaba: saman ƙafafunsa ya kamata ya bi layin wuya, in ya koma baya ya sha karo. Ka nemi tabon walda ma. Waɗannan firam da tagulla aka haɗa su a cikin soket, wutar mai waldan ƙofa tana cinye siririn bututu ne kawai. Lambar firam da aka goge da abin gurza kuwa, ko kyauta ce kada ka kai ta gida, ba ka san mai cigiyarta ba.

Kuma kada ka yarda da "Alhaji, wannan ai ɗan man birki za a sa masa" idan sandar sirdi ta ƙi motsi. Alminiyam da ya shekara a cikin ƙarfe yana cin damina yakan manne har sai an yanka. Ka ce a kwance a gabanka, da ita da wuyan kai, kafin a fara ciniki. In yaron shago ya ce babu sifana, ka zo da taka.

Saura taya. Tsofaffin na Ingila da yawa inci 27 ne, rim mai milimita 630, na zamani kuwa 700C ne mai 622. Tazarar milimita 8 kacal, amma ɗaya ba ta hawa ɗaya, kuma 700C ta fi sauƙin samu. Ana iya canza wilin idan takalman burki za su sauko milimita 4, sai ka duba ko ramin hannun burkin yana da sauran wuri. In kuwa ka ga tayar da aka manna da gam a kan rim, tub ɗinta a ɗinke a ciki, ta masu gasa ce, mai faci na bakin titi ba zai iya mata komai ba. Ka cire kuɗin wili biyu daga abin da za ka taya.