92NY ta New York da JW3 ta Landan: yadda kowace ke tafiyar da harkar fasaha da al'adu

Malama, tambayarki kashi biyu ce. Kin ce kin ga sanarwar karatun waƙoƙi a wata cibiyar al'ummar Yahudawa da ke New York mai suna 92NY, kin kuma ga ta nunin fim a wata da ke Landan mai suna JW3. Kina son sanin ko irin waɗannan wurare majami'u ne, da kuma abin da ya raba shirye-shiryen wannan da na waccan.

Ta farko mai sauƙi ce. Ba majami'u ba ne. Majami'a wurin ibada ce, da malaminta da mabiyanta da ɗariƙar da take bi. Cibiyar al'umma kuwa gida ne na karatu, renon yara, motsa jiki, kiɗa, rawa, fim da lacca, kuma ba ta ƙarƙashin ɗariƙa ɗaya, ko da yake a wasunsu akan yi addu'o'in manyan bukukuwa. Tikiti ake saya ko a yi rajistar aji, ba a tambayar addinin mai shiga. Tushen abin Amurka ne: a Baltimore aka kafa ƙungiyar samarin Yahudawa ta farko a 1854, daga irinta waɗannan cibiyoyi suka samo asali.

Ta biyu ce mai tsawo. A taƙaice, 92NY dandali ne na birni gaba ɗaya wanda Yahudawa suka kafa suke kuma riƙe da shi. JW3 gida ne da aka gina musamman don a tara Yahudawan Landan, aka bar ƙofa a buɗe ga kowa. Kusan duk sauran bambancin daga nan ya taso.

An kafa 92NY a 1874, ta koma mahadar titi na 92 da titin Lexington a 1900 da taimakon attajirin nan Jacob Schiff. A lokacin, aikinta shi ne koyar da samarin da suka yi ƙaura zuwa Amurka Turanci da sana'a da ba su wurin zama na mutunci. Wanda ya juya akalarta zuwa fasaha shi ne William Kolodney, da ya karɓi sashen ilimi a tsakiyar shekarun 1930. Ra'ayinsa shi ne a kawo gwanin da ya fi kowa, Bayahude ne ko ba Bayahude ba. Da haka aka buɗe sashen rawa a 1935, inda fitattun masu rawa Martha Graham da Doris Humphrey suka koyar suka kuma yi wasa, sannan sashen karatun waƙoƙi a 1939. A kan dandamalin wannan gida ƙungiyar rawar Alvin Ailey, baƙar fata ɗan Texas, ta yi wasanta na farko a watan Maris na 1958. Wannan tarihi ne ya sa mawaƙi ko marubuci ke ganin gayyatar 92NY a matsayin girmamawa, kuma da yawa daga masu sayen tikiti ba su da wata alaƙa da Yahudanci.

JW3 jaririya ce idan aka kwatanta ta da 92NY. An buɗe ta a 2013 a kan titin Finchley, sunan kuma an ɗauko shi daga lambar gidan waya ta unguwar, NW3. Dame Vivien Duffield ce ta assasa ta, bayan ta ga yadda wata cibiyar da ke Manhattan ke aiki. Ginin ya ci kimanin fam miliyan 50, mafi yawan kuɗin daga gidauniyarta. A 2015 ta haɗe da wata tsohuwar cibiyar al'adun Yahudawa ta Landan, wadda ta zo mata da azuzuwan manya na tarihi da harsuna. Matsalar da aka gina ta don warwarewa daban ce: Yahudawan Birtaniya sun rarrabu a majami'u daban-daban, wasu kuma ba sa zuwa ko ɗaya, babu wurin da mai tsananin riƙo da addini da wanda ya sake za su zauna kujera kusa da kujera. Shi ya sa a shirinta za ki ga Yahudanci a gaba: ajin Ibrananci da Yidish (harshen Yahudawan gabashin Turai), girkin gargajiya, barkwancin Yahudawa, fina-finan bikin fim na Yahudawan Birtaniya, laccocin tarihin kisan ƙare dangi na zamanin Nazi.

Yawan jama'a ma ya yi tasiri. A cikin birnin New York akwai Yahudawa kusan miliyan ɗaya da cibiyoyi irin wannan da dama, don haka ɗaya za ta iya zama ta kowa ba tare da an yi rashi ba. A Landan, ƙidayar 2021 ta nuna kimanin 145,000. Idan JW3 ba ta yi shirin Yahudanci ba, kaɗan ne za su yi.

Sai girman zaure, wanda shi ke yanke irin baƙon da za a iya gayyata. Babban zauren 92NY, Kaufmann, yana ɗaukar mutum kusan 900, bangonsa katako ne, kuma an san shi da kyawun amo, har ya dace da fiyano da ƙaramar ƙungiyar goge ba tare da lasifika ba. Akwai na biyu ƙarami mai ɗaukar ƙasa da 300. Babban zauren JW3 kujera 270 ne, silimarta kuma 60. Lissafin a bayyane yake. Kuɗin fitaccen mawaƙi ko ɗan fim ba ya raguwa don zaure ƙarami ne. Wanda kujera 900 za su biya, 270 ba za su iya ba sai an ninka farashin tikiti fiye da sau uku ko wani mai hali ya ɗauki nauyi. A silima abin ya fi tsanani: a ce tikiti fam 10 ne, ko ta cika maƙil fam 600 ke nan, mai rarraba fim ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku, a biya mai haska fim da mai tsaron ƙofa da wuta. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Amfanin ƙaramin zaure shi ne mutum 40 a silimar JW3 cika ce, tattaunawa bayan fim tana yin daɗi, mutum 200 a Kaufmann kuwa kamar ba a zo ba.

A nan ne mutane suka fi yin kuskuren fahimta. Suna ganin hoton manyan baƙi su ɗauka tikitinsu ne ke riƙe da gidan. A cibiyoyin Amurka gaba ɗaya, abin da ke kawo kuɗi kullum shi ne kuɗin mambobin ɗakin motsa jiki da wurin iyo, makarantar renon yara, sansanin hutun bazara, da azuzuwan da ake biya zango-zango. 92NY na da duk waɗannan, har da ɗakunan kwana da take bai wa ɗalibai haya, da sashen ginin tukwane da na ƙera kayan ado da suka yi suna. Ajin tukwane na mako goma, an karɓi kuɗinsa tun ranar farko, an san yawan ɗalibai, an san yawan yumɓu da wutar gashi da za a sha. Taron dare ɗaya kuwa, ruwan sama ko ciwon maƙogwaron mawaƙi sun isa su rusa shi. JW3 ba ta da wurin iyo ko babban ɗakin motsa jiki irin na Amurka, don haka ta fi jingina da masu ba da gudummawa, hayar zaure, makarantar yara da azuzuwa. Filin tsakar gidanta ma an sha sa shi aiki: da bazara a zuba yashi yara su yi wasa, da hunturu a shimfiɗa ƙanƙarar zamiya. Ba ado ba ne, hanyar jawo iyali ne su shigo su ga allon sanarwa.

Abin da ya haɗa su, wanda kuma ya fi wahalar da mai tsara shiri, kalanda ne. Ranar hutun Yahudawa, Shabbat, tana farawa daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa fitowar taurari daren Asabar, wato ta cinye dare biyun da gidajen wasa suka fi samun ciniki. Mai kiyaye ta ba ya tuƙi, ba ya taɓa kuɗi, ba ya kunna wuta. A Landan, rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma a Disamba, don haka dole a tashi aikin Juma'a da wuri, amma daren Asabar ya samu tun da magariba. A Yuni abin ya juye: Shabbat ba ta fita sai bayan ƙarfe 10 na dare, wasan daren Asabar ya zama ba shi yiwuwa ga wanda zai jira ta fita sannan ya kamo hanya. New York ta fi sassauci, domin ko a tsakiyar bazara rana na faɗuwa wajen 8 da rabi. JW3, da yake tana son mai tsananin addini ya ji gidansa ne, wannan ya fi ɗaure ta. Kuskuren da sabon mai tsara shiri kan yi shi ne ya sa lokacin fara wasa daidai da fitar Shabbat, ya manta masu saita sauti da haske na bukatar awa biyu ko uku kafin nan, kuma 'yan kallo na bukatar lokacin tafiya.

Kalandar Yahudawa ta wata ce kamar ta Hijira, sai dai ana ƙara mata wata guda sau bakwai a cikin kowace shekara 19, shi ya sa bukukuwansu ba sa zagaya shekara yadda azumi ke yi. Suna motsi ne na 'yan makonni kawai, amma hakan ya isa ya ɓata jadawali. Sabuwar shekara, ranar kaffara da bikin bukkoki suna faɗowa a Satumba ko Oktoba, daidai lokacin da gidajen wasa ke buɗe zangonsu. Idin Ƙetarewa na kwana takwas ne a Maris ko Afrilu, kuma sai an tsarkake kicin daga duk wani abu mai yisti, ko a rufe shi. Daga bayansa akwai kwanakin da masu riƙo da addini da yawa ba sa sauraron kiɗa kai tsaye, haka ma makonni uku na makoki a tsakiyar bazara. Wasu mazan kuma ba sa sauraron mace tana rera waƙa a gabansu. Gida kamar 92NY, mai 'yan kallo daga ko'ina, zai iya sa kiɗa a irin waɗannan kwanaki zaure ya cika. JW3 sai ta auna wa take son ya zo.

Abinci ba sai an daɗe a kansa ba. Inda aka ce kicin na kosha ne, ba a haɗa nama da madara, ba alade, kuma akwai mai sa ido. Kada ki shiga da abincin waje sai kin tambaya.

Yanzu abin da kan lalace. Na farko, saɓani tsakanin abin da aka tallata da abin da aka yi. A ƙarshen 2010, ɗan wasan barkwanci Steve Martin ya zo 92NY, hirar ta karkata ga zane-zane da kasuwarsu. Masu kallo daga nesa suka riƙa aiko da ƙorafi, ana tsakiyar hira aka miƙa wa mai tambaya takarda cewa ta koma kan fina-finansa, daga baya gidan ya ba 'yan kallo takardar fansar dala 50. Baƙon bai ji daɗi ba ko kaɗan. Laifin ba nasa ba ne. Ya kamata tun kafin a buga tikiti a zauna da baƙo da mai tambaya a daidaita maudu'i, a rubuta shi ƙarara a sanarwa.

Na biyu ya fi nauyi: rikicin Isra'ila da Falasɗinu. A Oktoban 2023, 92NY ta janye taron marubuci Viet Thanh Nguyen a ranar da za a yi shi, bayan ya sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa mai sukar Isra'ila. Aka mayar da taron wani kantin littattafai, wasu marubuta suka fasa zuwa, wasu ma'aikatan sashen waƙoƙi, wanda shi ya shirya taron, suka ajiye aiki, aka dakatar da zangon karatun na shekarar. A ganinmu wannan babban rashi ne ga sashen da ya shafe sama da shekara 80 yana gina amana da marubuta. Ya kuma tona ainihin matsalar zama dandalin kowa alhali masu gida da masu ba da kuɗi suna da nasu matsayin. JW3 ta ɗanɗana nata ta wata fuska: a Oktoban 2024 ta karɓi taron Haaretz, jaridar Isra'ila mai yawan sukar gwamnatin ƙasar, duk da haka masu zanga-zangar goyon bayan Falasɗinu suka taru a bakin ƙofa, kalaman mawallafin jaridar a wajen taron kuma suka harzuƙa gwamnatin Isra'ila. Duk gidan da ba shi da rubutacciyar ƙa'idar gayyata da janyewa tun kafin rikici, a cikin ruɗani zai yanke hukunci.

Za ki tarar da bincike a ƙofar kowace, don haka ki isa da kamar minti 20 kafin lokaci, da ƙaramar jaka. Dalilin ba wasa ba ne. A 1994 bam ya kashe mutum 85 a cibiyar Yahudawa ta AMIA da ke Buenos Aires, babban birnin Ajantina. A Afrilun 2014 wani ɗan bindiga ya harbe wani yaro ɗan shekara 14 da kakansa a harabar cibiyar Yahudawa ta garin Overland Park a jihar Kansas ta Amurka. Yaron ya je gwajin gasar waƙa ne, kuma su biyun Kiristoci ne. Kuɗin tsaro na cin wani ɓangare na abin da da zai tafi ga fasaha.

Idan abin da kike nema gwanintar kiɗa, rawa da adabi ne a matakin ƙoli, 92NY ce, kuma da yawa daga hirarrakinta suna YouTube kyauta. Idan kuwa kina son ganin yadda Yahudawa ke magana da junansu kan harshensu, girkinsu, tarihinsu da saɓaninsu, ki duba jadawalin JW3, ki zaɓi fim mai tattaunawa a bayansa ko aji na zango guda. Tikitin silimar kan ƙare da wuri a lokacin bikin fim na watan Nuwamba, gara ki saya ta intanet kafin ki fita.